Kalmar "Dirama" a Hausar Yau: Ma'anarta da Yadda Ake Amfani da Ita

Tsakure

Wannan takarda ta dubi kalmar "dirama", wadda Hausa ta aro daga Ingilishi, da yadda ta fita daga dandalin wasa ta shiga hirar yau da kullum da kanun labarai. Takardar ta nuna cewa kalmar tana ɗauke da ma'ana uku, kuma biyu daga cikinsu suna zamewa cikin juna ba tare da mai magana ya ankara ba, wato bayar da labarin abin da ya tara 'yan kallo, da zargin mutum cewa shirya abin ya yi. An auna kalmar da "wasan kwaikwayo" da kuma kalmomin gida irin su kambamawa da zuzutawa da kururutawa da raki. Jumlolin misalin da ke ciki ni na tsara su bisa irin maganar da ake ji a bakin jama'a.

Gabatarwa



Duk mai fassara tsakanin Ingilishi da Hausa yakan ci karo da aikatau ɗin nan na Turanci, dramatise, wanda yake ɗauke da aiki biyu. Na farko shi ne a ɗauki labari a mayar da shi wasan da za a yi a gaban mutane. Na biyu shi ne a ɗauki al'amari a ba shi girman da bai kai ba, da murya ko da jiki. Bahaushe bai haɗa waɗannan ayyuka a kalma ɗaya ba. Na farkon yakan ce an mayar da labari wasan kwaikwayo, na biyun kuwa yana da kalmomi da yawa gare shi, kowace da inda take sauka. Amma yanzu wata baƙuwar kalma ta zauna a tsakani tana ɗaukar kayan ɓangarorin biyu, ita ce "dirama". Abin da nake son nunawa shi ne wannan haɗin ba ƙaramin abu ba ne, domin yana ba mai magana damar ƙaryata mutum ba tare da ya kira shi maƙaryaci ba, kuma ba tare da kowa ya nemi hujja a wurinsa ba.

Shigowar kalmar

Asalin kalmar daga Girkanci ne, daga wani aikatau mai ma'anar aikatawa. Ta shiga Ingilishi, daga can ta iso mu ta hanyar makaranta da rediyo da talabijin. Da ta iso, sai Hausa ta yi mata abin da takan yi wa irinta. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka aka saƙa wasali tsakanin d da r, kamar yadda aka yi wa direba da burodi da firamare. Tun da ta ƙare da wasalin a, sai ta faɗa jinsin mace: "wata dirama", "diramar jiya". A Nijar, inda Faransa ce ta yi mulkin mallaka, kalmar da aka aro don wasan dandali ita ce "teyatur", kuma Janet Beik ta yi nazarin wannan fanni a littafinta na 1987 kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar.

Suna aka aro, ba aikatau ba. Hausa tana da ɗafi mai mayar da suna aikatau, kamar yadda muke gani a Musulunta da sabunta da zamananta, amma kunnen Bahaushe ba ya karɓar "diramanta". Hanyar da aka bi ita ce wadda aka saba, a sa aikatau a gaban suna, kamar yadda ake cewa yi magana ko yi barci. Aikatan da ake zaɓa kuwa suna da abin faɗa. Ana cewa "an yi dirama", da "an tafka dirama", da "an sha dirama". Tafka abokin manyan abubuwa ne, galibi marasa daɗi: tafka asara, tafka kuskure, tafka ta'asa. Sha kuwa a nan ɗan'uwan "sha kallo" ne da "sha dariya". Wanda ya ce an sha dirama ya riga ya zaɓi wurin zamansa, cikin 'yan kallo yake, kuma abin ya ba shi nishaɗi. Zan koma kan wannan.

Kwaikwayo: abin da aka tarar a gida

Kafin "dirama" akwai "kwaikwayo". A ganina kalmar ninki ce ta tushen da ya ba mu koyo da koyi, sai dai ninkin ya sauya mata nauyi. Idan an ce ka yi koyi da malaminka, ana nufin ka ɗauki halinsa ya zama naka. Idan an ce ka kwaikwayi malaminka, ana nufin ka ari tafiyarsa da muryarsa na ɗan lokaci, kowa kuma ya san aro ne.

Wannan sanin da kowa ya yi shi ne ginshiƙin maganar. A dubi tashe, wanda yara kan fara idan azumi ya kai kwana goma. Yaro ɗan shekara tara ya manna auduga a haɓa, ya sa babbar rigar babansa tana jan ƙasa, ya cusa tsumma a baya ya yi doro, ya riƙe sanda yana kakkarwa yana tari. Matan gidan da ya shiga sun san shi, sun san uwarsa, wata ma ta kira sunansa tana dariya kafin ta zuba masa gero a ƙwarya. Ba wanda aka yaudara. Haka wasan gauta yake, inda matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, haka kalankuwa, inda matasa bayan girbi kan naɗa wa junansu muƙaman hukuma, haka 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai alhali zancen abinci suke yi. A duk waɗannan akwai yarjejeniya a fili tsakanin mai yi da mai kallo, cewa wannan ba gaske ba ne, amma za a faɗi gaskiya ta cikinsa.

Wannan yarjejeniyar ce rubutaccen wasa ya gada, tun daga Six Hausa Plays na Rupert East a shekarun 1930, da Wasan Marafa na Abubakar Tunau, zuwa Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, har zuwa Samanja na Usman Baba Pategi a rediyo da talabijin, da finafinan bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990.

Misalin da ya fi fito da ma'anar mayar da labari wasa shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933. A littafin, Shaihu Umar yana zaune ne a gaban almajiransa yana ba su labarin rayuwarsa da bakinsa: yadda aka raba shi da mahaifiyarsa yana yaro, yadda ya ƙetare Sahara, yadda uwar ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Aikin da ke gaban mai irin wannan juyi shi ne ya karɓe labarin daga bakin mutum ɗaya ya raba wa bakuna da yawa. Abin da littafi ya ce uwa ta yi baƙin ciki, dole a sami mace ta tsaya a gaban jama'a ta nuna shi da fuska da murya da tafiya. Ba a ƙara wa baƙin cikin komai ba, an dai fito da shi inda ido zai gan shi. Ko kusa ba za a kira wannan aiki ƙarin gishiri ba, kuma shi ya sa nake ganin Hausa ta yi daidai da ta raba shi da zuzutawa.

Ma'anonin "dirama" da yadda za a gane su

Ma'ana ta farko ita ce wadda aka aro kalmar dominta. "Yara suna kallon dirama a talabijin." "Ɗan dirama ne, a Kano yake aiki." Ba wata matsala a nan, kalmar tana zaune kafaɗa da kafaɗa da "wasan kwaikwayo", ta fi shi gajarta ne kawai, shi kuma ya fi ta shiga rubutun ilimi.

Ma'ana ta biyu ita ce al'amari na gaske da ya faru ba zato, da hayaniya, a gaban mutane. A ranar 20 ga Nuwamba 2014 an ga 'yan Majalisar Wakilai suna haura ƙofar Majalisar Tarayya a Abuja bayan 'yan sanda sun rufe ta. A ranar 18 ga Afrilu 2018 wasu mutane suka kutsa zauren Majalisar Dattawa ana tsakiyar zama suka ɗauke sandar majalisa. Irin waɗannan ne Bahaushen yau yake cewa "an tafka dirama a majalisa". Ba yana nufin abin bai faru ba. Yana nufin ya faru kamar a fim, akwai gudu da ihu da abin mamaki. Kafin zuwan kalmar da sai a ce an yi dambarwa, ko hatsaniya, ko an kwashi 'yan kallo.

Ma'ana ta uku zargi ce. "Rabu da ita, dirama take yi." "Duk kukan nan dirama ce." A nan ana cewa mutum yana kwaikwayo ne amma ya ɓoye cewa kwaikwayo yake yi. Ya karya yarjejeniyar nan ta ɗan tashe, yana so a ɗauki audugar haɓarsa a matsayin gemu na gaske.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai raba su. A cire "dirama" a sa "wasan kwaikwayo" a gurbinta. A ma'ana ta farko jumla ba ta sauyawa. A ta uku ma ba ta sauyawa, "duk kukan nan wasan kwaikwayo ne" zargi ɗaya ne. Amma a ta biyu jumlar takan juye gaba ɗaya. "An tafka dirama a kotu" yana nufin an yi hayaniya a kotu. "An yi wasan kwaikwayo a kotu" yana nufin shari'ar ta bogi ce, an riga an gama magana tun kafin a zauna. Wannan ya nuna cewa "wasan kwaikwayo", idan ya fita daga dandali, zargi ne tsantsa kuma kowa ya ji shi ya san zargi ne. "Dirama" kuwa tana iya zama labari, tana iya zama zargi, kuma jumla ɗaya tana iya ɗaukar duka biyun.

Ga inda abin yake bayyana. A ranar 20 ga Yuli 2020 shugaban riƙo na hukumar raya yankin Neja Dalta ya sume a gaban kwamitin Majalisar Wakilai da ke bincikar kuɗaɗen hukumar, ana nuna zaman kai tsaye a talabijin. A ce wani edita ya rubuta kanu kamar haka: "Dirama a majalisa: shugaban hukuma ya sume ana tsaka da bincike." Me ya faɗa? In aka tuhume shi zai ce ma'ana ta biyu yake nufi, abin mamaki ya faru a bainar jama'a, kuma gaskiya ne. Amma mai karatu da yawa ma'ana ta uku zai ɗauka, cewa suman na ƙarya ne. Editan ya yanke hukunci a kan lafiyar mutumin da bai duba ba, kuma ya bar wa kansa ƙofar fita. Ba ina kare wanda ake bincika ba ne, tambayoyin da aka yi masa tambayoyi ne da ya wajaba a amsa. Ina cewa ne in ɗan jarida yana da hujjar suman ƙarya ne ya kawo ta, in ba shi da ita ya ce an sume, ya tsaya nan.

Akwai wata ma'anar da ke cikin Ingilishi wadda ba ta shigo Hausa ba, kuma ina fatan kada masu fassara su shigo da ita. Bature yakan siffanta sauyi mai girma kuma na farat ɗaya da sifar da ta fito daga kalmar "drama". Misali, bayan jawabin cire tallafin man fetur na 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Bahaushe ya ce farashi ya yi tashin gwauron zabi, kuma ba ya bukatar wata kalma bayan wannan.

Kalmomin gida da "dirama" take danne wa

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai nazarin harshe shi ne yawan kalmomin da ma'ana ta uku take haɗiyewa. Hausa ta rarrabe wannan fage rarrabewa mai kyau.

Akwai waɗanda suke aiki a kan magana. Kambamawa ɗaga abu ne ko mutum sama da matsayinsa, kuma sau da yawa ta fuskar yabo ne, shi ya sa manazarta waƙa suka ɗauke ta suka yi "kambamar zulaƙe" don salon da makaɗin fada yake mayar da ubangidansa giwa ko dutse. Ba wanda yake kiran makaɗin maƙaryaci, domin sarkin da fadawan duk sun san salo ne. Zuzutawa tana da maimaici a cikinta, a yi ta faɗin girman abu ko kyansa har a gundure mai ji. Kururutawa 'yar'uwar kururuwa ce, yaɗa magana da ƙarfi don kowa ya ji. Rurutawa daga rura wuta take, kuma ba a ruruta alheri, sai rikici. Ƙarin gishiri kuwa na mai ba da labari ne, ya sa abin da babu don labarin ya yi armashi. Duk waɗannan kalmomi sun yarda akwai wani abu na gaske a ƙasa, gardamarsu a kan girmansa ce kawai.

Akwai kuma waɗanda suke aiki a kan jiki da hali. Raki na mai ciwo ne wanda kukansa ya fi ciwon, amma ko mai cewa "kin cika raki" ya yarda akwai ciwon. Shagwaɓa ta yaro ce ko amarya, neman lallashi ne, kuma sau da yawa wanda ake yi wa yana so. Borin kunya na wanda aka kama da laifi ne ya tashi da faɗa don ya rufe. Kukan ƙarya shi kaɗai ne a cikinsu ya fito fili ya ce babu komai a ƙasa, kuma saboda ya fito filin, wanda ya furta shi ya san ya ɗauki nauyin magana.

"Dirama" ba ta bambance ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda aka ce masa yana dirama bai san da me ake tuhumarsa ba, ko an ce ya ƙara ne, ko an ce ya ƙirƙira ne. Saboda haka ba shi da ta inda zai kare kansa.

A dubi yarinya mai ciwon sikila a makarantar kwana. Nijeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar yara masu wannan ciwo a duniya, saboda haka ba misali ne na nesa ba. Ciwon ya tashi mata da dare, ƙashin ƙafa da na baya suna sara, tana juyi a kan katifa tana kiran uwarta. Babu jini, babu kumburin da za a nuna, da safe ma an gan ta tana dariya da ƙawaye. Wata babbar ɗaliba ta leƙo ta ce, "Ku ƙyale ta, 'yar dirama ce, gobe akwai jarrabawa." Da ta ce raki ne, wata za ta iya cewa to ko raki ne a kai ta wurin nas. Da ta ce ƙarya ce, wata za ta ce ke kin tabbata? Amma "dirama" ta zo da dariya a cikinta, ta mayar da 'yan ɗakin 'yan kallo, kuma ɗan kallo ba ya tashi ya shiga cikin wasa don ya ceci wanda ake nunawa. Wannan shi ne abin da na ce zan koma kansa game da "sha dirama". Kalmar tana sauya matsayin mai ji, daga wanda ke da alhaki zuwa wanda ya zo kallo. Na lura kuma wannan zargi ya fi sauka a kan mata da yara da marasa lafiya, wato waɗanda ba su da wata hujja sai muryarsu, a cikin al'ummar da ta riga ta ɗauki dauriya da kunya a matsayin ado.

Abin yana iya kai wa ga al'umma gaba ɗaya. Bayan sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014, an sami waɗanda suka riƙa cewa ba a sace kowa ba, shiri ne na siyasa. Iyayen yaran suna kuka a gaban kyamara, wasu suna kallon kukan a matsayin wasa. Ba kalma ce ta haifi wannan musun ba, amma irin wannan tunanin ne ma'ana ta uku take sauƙaƙa furta shi.

Abin da ya shafi ɗakin labarai da masu ƙamus

Ba na cikin masu cewa a kori kalmar. Ta zauna, tana da jinsi, tana da aikatan da take tafiya da su, kuma ma'anarta ta biyu ta cike wani gurbi, domin "dambarwa" da "hatsaniya" ba su ɗauke da wannan ɗanɗano na abin da ya yi kama da fim. A hira tsakanin abokai tana da daɗin faɗa. Inda nake neman a yi hattara shi ne rubutun labarai. Shawarata ga editoci ita ce su yi gwajin nan na musanya kafin su saki kanu. In an sa "wasan kwaikwayo" a gurbin "dirama" sai kanun ya zama zargin da jaridar ba za ta iya karewa ba, to akwai masu karatun da haka za su fahimce shi tun yanzu. Musamman inda labarin ya ƙunshi suma, ko kuka, ko ciwo, ko mai ƙara a gaban alƙali, gara a faɗi abin da ya faru da sunansa.

Ga masu aikin ƙamus, musamman duk wanda zai sabunta aiki irin Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ina ba da shawarar a shigar da ma'anonin uku daban-daban, kowace da jumlar misalinta, a kuma yi wa ta uku alamar cewa kalmar zargi ce, kamar yadda ake yi wa kalmomin zagi da na raini alama. A ƙarƙashinta a tura mai dubawa zuwa raki da kambamawa da zuzutawa da kukan ƙarya. Haka ma "ɗan dirama" da "'yar dirama" suna bukatar shiga biyu, domin a bakin wani sana'ar mutum ake faɗa, irin ta Ƙasimu Yero, a bakin wani kuma halinsa ake kushewa, kuma ɗalibin da yake koyon Hausa daga littafi ba zai iya gane bambancin ba sai an rubuta masa.